Awa Biyu Ba Kwata

Ni ne Eleodoro, mai babur mai ƙafa uku.
Shekara ashirin da huɗu ina kai mutane filin jirgin Iquitos,
in sauke musu akwati, in karɓi hakkina, in juyo.
Titinmu guda ne, a Nauta ya tuƙe.
Mai son ya wuce nan, ko ya bi kogi, ko ya bi sama.

Daga nan zuwa Lima, in ji allon da ke bango,
awa biyu ba kwata.
Kilomita dubu da 'yan kai, in ji wani matuƙi
da na taɓa ɗauka yana ta hamma.
Na yi lissafi a bayan rasidin mai:
dubun nan ina cinye ta duk kwana goma
tsakanin kasuwar Belén da ƙofar filin jirgi.
Ke nan na je Lima sau ɗari takwas da ɗoriya,
ban taɓa ganin teku ba.

Mahaifina sau ɗaya ya je, da busasshen kifi.
Kwana biyar a jirgin ruwa, ragarsa rataye tsakanin buhuna,
sannan yini da kwana a bayan babbar mota
kan duwatsun da numfashi ke yi wa mutum rowa.
Ya dawo da tari da rediyo.
Rediyon ya riga tarin mutuwa.

Yanzu Marleni ce a can, autata,
tana jinyar yara a asibiti.
Ta ce garin ba ya ruwa, sai wani yayyafi marar zuciya.
Ta ce, Baba, ka zo mana, ai ba nisa.
Na tambayi kuɗin kujera, na mayar da shi fasinjoji,
ban da mai, ban da facin taya,
na ce mata, bari kogi ya janye.
Ya janye, ya dawo, sau uku.

Ranar bikin San Juan uwarta ta riga zakara tashi.
Shinkafa, cinyar kaza, ƙwai, zaitun biyu,
ta ƙunshe a ganye, ta ɗaure, ta dafa,
ta naɗe da tawul da tsohuwar rigata.
Na roƙi fasinjata ta ƙarfe bakwai, wata malama mai tabarau.
Ta yi jim, ta shinshina ƙunshin,
ta yi dariya, ta sa a jakar hannu.

Na tsaya jikin shinge har jirgin ya ɗaga,
ya karkata bisa daji, ya zama ƙwayar shinkafa, ya ɓace.
Na kai wata mata kasuwa da kajinta.
Na kai wani ɗan maye gida, bai biya ba.
Ruwa ya sauko, na ja leda na rufe gaba.

Sha ɗaya da rabi waya ta yi ƙara.
Bakinta cike, da ƙyar nake jin ta,
ko kuka ne ko dariya, ban tantance ba.
Ta ce, Baba,
tsakiyar da sauran ɗumi.

Na kashe inji a gefen titi.
Allo ya faɗi nasa, matuƙi ya faɗi nasa,
ni dai yau na auna da kaina:
tsakanina da 'yata
bai kai shinkafa ta huce ba.

Wani ya ƙwanƙwasa rumfar babur da lema,
akwati a hannu, wandonsa sharkaf.
Filin jirgi, ya ce, kuma don Allah ka yi sauri.