Wurin Nomau

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da kayen Arzika,
bik a bayan kunne, goro a kumatu.
Duk buhun albasar da ya bar Tawa
sai ya bi ta ƙarƙashin yatsana.
Ni ne Nomau. Ku tambayi 'yan dako.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da maigida
Zalika ta dawo daga Yamai,
'yar da nake saya wa ƙosai da dala biyu.
Ta zo da sikeli mai jan ido,
da salula, da wani abu kamar kwalin ashana,
wai shi zai riƙa kwana cikin rudu
yana jin zafin albasa, yana kai mata tsegumi.
Na ce, to. Mun ga jiya, ga mu ga yau.

Ranar farko ta yi abin da ya hana ni barci:
ta juya fuskar sikelin wajen manoma.
Mu da muka saba da buhu mai hula,
a cika, a danna, a ɗora, a ɗinke,
kuɗin ɗaya, kayan ɗaya da rabi!
Wani tsoho daga Tamaske ya duba lambar da kansa,
ya sauke, ya ɗora, ya sake saukewa,
sannan ya dube ni. Bai ce uffan ba.
Da ma zagina ya yi.

Na ce mata, riba ta tafi ke nan.
Ta ce, Baba, bari mu ga wa zai dawo baɗi.

Kuɗin Abijan, a da Tankari direba
ke ɗinke su cikin kujerar kamiyo,
mu kuwa muna nan muna kirga shingaye da carbi.
Yanzu kafin ya gama wanke ƙafarsa a can
waya ta yi kukan ɗan tsako a nan.
Wannan kam ban ja ba.

Sai wata azahar a tsakiyar bazara,
kwalin ashana ya ce lafiya lau.
Na gifta ta bayan rudu na uku,
hancina ya tsaya kafin ƙafata.
Ruɓa ce, can ƙasa, ta kusurwar da iska ba ta ratsawa.
Na faɗa da ƙarfi don yara su ji,
na gyara tsayuwa ina jiran gardama.

Ta tuɓe takalmi ta kutsa ciki,
ta fito da guda biyu suna tsiyaya.
Ta ce, nuna mini inda hancinka yake zuwa.
Nan ta ɗaure na'urar, a gaban kowa,
ta rubuta a wayarta: wurin Nomau.
Na rasa inda zan ajiye fushina.

Bayan mako uku mura ta toshe ni,
ko daddawa aka kawo ba na jin ta.
Tsakar dare wayar ta dinga kuka,
muka fita da fitila, ni da ita da yara huɗu,
muka kwashe rudu na biyar kafin asalatu.
Da ni kaɗai ne, da awaki sun sha biki.

Bana tsohon Tamaske ya dawo
da amalanke bakwai, biyar na maƙwabta.
Ya gaishe ta har ƙasa.
Ni sai da zai tafi ya miƙo mini hannu.

Har yau ban yar da kayen ba,
don rezo kan yi yaji idan hadari ya haɗu.
Ba ta hana ni ba. Duk Juma'a da la'asar
mukan zauna kan tabarma ɗaya mu gwada lissafi.
Wancan mako jaka uku suka ɓata, kuskurenta ne.
Na jiya nawa ne.
Yatsana ya yi wa gilashin kauri,
in na nufi bakwai sai takwas ta fito.
Takan jira. Ba ta karɓar wayar daga hannuna.