Shafin Asabar

A Porto, a bene na huɗu mai kallon kogin Douro,
shekara goma sha tara ke nan ina sayar da dariya.
Duk Asabar shafi guda a jarida:
wani mai aski maƙaryaci, da surukarsa,
da kyanwar da ta fi su hankali.

Gari ya saba. A tashar São Bento
mai duba tikiti kan riƙe hannuna yana ƙyaƙyatawa
tun ban buɗe baki ba.
Mai askin nan shi ke biyan kuɗin haya,
shi ya saya wa 'yata tabarau.
Wa ke tofa yawu a rijiyar da yake sha?

Amma a ƙasan akwati akwai wasu takardu.
Tadeu, ƙanena. Teku ta karɓe shi a Matosinhos
wata Talata, ta maido mana takalmi ƙafa ɗaya.
Shekara bakwai ina rubuta shi,
in sa layi biyu, in goge uku.

Na kai wa edita, Dona Filomena.
A tsaye ta karanta, ta daɗe ba ta ɗago ba.
"Anselmo, ba ka taɓa kawo kamarsa ba.
Sai dai mutum ya zo shan zuma,
ka miƙa masa maɗaci?"

Na kafe. Ta buga.
Wasiƙa talatin da ɗaya.
Ashirin da tara na tambayar ko mai aski ba shi da lafiya,
ɗaya ta ce in nemi likita,
ta ƙarshe ma ba tawa ba ce.
Mai duba tikiti ya huda nawa, ya kau da kai.

Ran Litinin a kasuwar Bolhão,
Graciete ta naɗe min kifi
da tsohon shafina, kyanwar duk ta sha mai.
Sai ta zaro wata takarda daga aljihu,
an ninke ta huɗu, ta yi laushi don taɓawa.
"Wannan ba na naɗe kifi da shi.
Nawa mijin ko takalmi ba a samu ba."
Ta mayar, ta goge hannu.
"Amma ka dawo mana da maƙaryacin nan, don Allah.
Asabar tana da tsawo in ba shi."

Yanzu da safe nakan yi wa gari aski,
da dare in zauna da Tadeu.
Ban ce na raba gardama ba.
Makon jiya dai wani ya shigo shagon
da takalmi ƙafa ɗaya a hannu,
mai aski ya buɗe baki zai yi ƙarya,
ya fasa.
Layi ɗaya tak, sannan kyanwa ta ɓarar da ruwan sabulu.

Dona Filomena ta ɗora alƙalami a kan layin,
ta dube ni,
ta bar shi.