Ɗigon da Ya Ɓalle

Abu Rayyan ya miƙo mini rasit buhu biyu,
na wata goma sha huɗu, duk sun sha maiƙo,
ya ce, "Kai da ka karanta ƙididdiga a Zariya,
nemo mini inda riyalina ke yoyo."
Na baje su a ɗakin bayan shago,
iskar Jidda na shigowa da gishirinta,
tanda na huci ta bayan bango.

Da fari na yi kuskuren Bahaushe:
na rubuta "naman kaza" a layi guda,
na haɗa mai fiffike da mai tsirowa a danshi.
Kwana uku lissafi na yi mini dariya
kafin na raba su.

Sannan alƙaluma suka buɗe baki.
Alhamis ta ninka Lahadi har da ɗoriya.
Bayan Isha'i zanen yakan tashi kamar tozon raƙumi,
ya durƙusa ƙarfe ɗayan dare.
Cikin mutum ɗari, sittin da uku na son zaitun,
goma sha ɗaya na tsince shi su jera a bakin kwali;
wannan ba a rasit na gani ba, a kwandon shara ne.

Daren ƙwallo ciniki ya hau,
mai gida ya ce a sayo babbar talabijin.
Na ce, "Ranka ya daɗe, zakara na cara gari na wayewa,
amma ba shi ke jawo rana ba.
Duba kwanan wata: ranar albashi ya faɗo."

Matsakaici ya ce kowane baki a shagon nan
yanka biyu da rabi yake ci.
Na leƙa wurin Shafiƙul mai murza ƙullu,
faifai ɗari uku ya gasa yau,
ga shi a tsugune, yana cin shinkafar da ya ƙunso daga ɗaki.
Wa ya cinye nasa biyu da rabin?

Sai ɗigon.

Masu kai saƙo minti sha tara suke yi,
a ƙara huɗu ko a rage huɗu.
Amma duk Talata babur ɗin Mudansir
sai ya cinye hamsin da biyu.
Ɗigo ɗaya can saman takarda
kamar akuyar da ta ɓalle daga garke.
Malaminmu yakan ce irin wannan a bincike shi kafin a goge.

Na bi shi.
Lungun Karantina, bene hawa huɗu,
Hajiya Tasalla a bakin taga,
wadda aka goyo daga Haɗeja, ta ƙasa, ta Sudan.
Idanu sun tafi, Hausa ba ta tafi ba.
Ƙaramar fiza take saye, mai cuku zalla,
ta barbaɗe ta da yajin ƙuli daga kwalbar magani,
ta ce ai gurasa ce da ta yi boko.
Mudansir ya karanta mata takardar asibiti,
ya jera ƙwayoyin mako, na safe daban, na dare daban,
ta tambaye shi ko an yi ruwa a gida,
gidan da ba ta sani da wayonta ba.

Minti talatin da uku. Na duba agogo, aikina ke nan.

Na koma na rubuta rahoto:
yoyon yana wurin cuku, giram sha biyu kowane faifai;
a ƙara hannu ɗaya daren Alhamis;
a bar buɗewa kafin La'asar.
Abu Rayyan ya ɗora yatsa kan ɗigon. "Wannan fa?"
Na ce, "Talata sittin da ɗaya, ba ta yi fashi ba."

Ya ja carbi, ya ja, ya ja,
ya ce, "A ƙara mata zaitun, kyauta."
Na ce, "Tana cikin sha ɗayan nan masu tsincewa."