Zanen Gidan Shiru

Filin da muka samu fako ne,
bayan Kujama, inda kwalta ta gaji ta koma jar ƙasa.
Ba ya yin dawa, ba ya yin gyaɗa.
Mai shi da ya karɓi kuɗin sai ya kawar da kai
kamar wanda ya sayar da akuya mai tari.
Na ce, Baba, kwantar da hankalinka,
abin da za mu shuka ba ya son taki.

Na shimfiɗa takarda a kan murfin mota,
na danne ta da duwatsu uku da takalmina.
Barau magini ya leƙo.
Ya ce, Injiniya, ina falo? Na ce babu.
Ina za a rataye talabijin? Babu.
Ya sosa ƙeya, ya ce, to gida ne wannan ko kushewa?
Na yi dariya, amma bakin fensirin ya karye.

Bai san Sallau ba,
ƙanena da ya kwana arba'in a asibitin Barnawa
ya fito da leda cike da magani,
muka mai da shi ɗakinsa a Tudun Wada,
bango ɗaya da injin markaɗe,
janareto ta gabas, 'yan kamasho ta yamma,
ga 'yan dubiya suna ta cewa ka cire abin a ranka,
sai ka ce ƙaya ce a tafin ƙafa.
Wata asuba ya ce mini,
Yaya, ba maganin ne ya gaza ba,
inda zan ajiye kaina ne babu.

Shi ya sa ƙofar nan ba ta da sakata ta waje.
Shi ya sa taga ta sauko ƙasa
daidai idon mai zama a tabarma,
tana kallon dutsen da ƙadangare ke shanya.
Bangon tubalin ƙasa ne, kaurinsa kamu biyu,
ya shanye zafin rana, ya hana ƙara shiga.

Madubi kuwa, na zana, na goge, na sake zanawa.
Asabe, wadda ta yi shekara sha tara tana jinyar irin su Sallau,
ta ce bar ƙarami ɗaya a bayan ƙofa,
akwai ranar da mutum zai so ya duba ko ya dawo.
Ta ce a yi wa rijiya murfin ƙarfe,
kada a bar ƙugiyar fanka a rufi.
Ban tambaye ta dalili ba.

Tsakar gida yashi ne daga bakin kogi, tifa shida,
a tankaɗe shi kamar garin tuwo,
don wanda barci ya ƙi ya taka ba takalmi,
da safe ya ga sawunsa
ya san shi ne ya ƙetare daren.
Bishiya ɗaya tal, aduwa.
Inuwarta kaɗan ce, amma ba ta ƙarya.
Wurin salla a nan, benci a gindin dutse ga mai karanta Zabura,
tsakaninsu taku talatin, ba katanga.

Barau ya ce kuɗin ba za su kai rufi ba kafin damina.
Gaskiya ya faɗa.

Ran Asabar na zo da Sallau.
Ɗaki na uku bai wuce turaku huɗu da igiya ba,
amma ya tuɓe takalmi kafin ya tsallaka igiyar,
ya zauna a tsakiya tun la'asar.
Ba wanda ya ce wa Barau komai,
sai na ga ya ɗaga wa yaransa hannu
sun ajiye guduma a hankali.

Da magariba ta kusa Sallau ya kira ni.
Ya ce matsar da tagar taku ɗaya hagu,
rana ba a nan take faɗuwa ba.
Na durƙusa kusa da shi, na duba.
Na ɗauko magogi.