Duk Wata Shida

Duk wata shida Gantulga kan bar dawakinsa a Arkhangai,
ya bi motar dare zuwa Ulaanbaatar,
ƙanƙara na narkewa a gashin bakinsa.

Ciwon hanta tun a goyo ya same shi.
Shekara arba'in da bakwai suna zaune tare,
maƙwabtan da ba sa gaisawa.

Likita Oyunbileg ta shafa sanyayyen mai
ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama,
allo ya yi toka-toka.
Yau hannunta ya tsaya.
Ta wuce. Ta dawo wurin.

"Ɗan tabo ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Saura gwajin jini da babban hoto.
Gara da ka zo yanzu."

Yana ɗaure ɗamararsa, yana lissafi:
jar goɗiyar nan ta kusa haihuwa,
wa zai riƙe mata fitila?