Waƙafi Guda

Da rana ni mai gwajin jini ne a asibiti,
farar riga, safar hannu, ido manne da madubin awo.
Tun takwas layi ya kai gindin maina,
kowa da 'yar kwalbarsa, kowa da fargabarsa.
Madam Lamela tana kiran suna,
ni ina ƙirga abin da ido ba ya gani.
Na cizon sauro, akwai.
Taifot, babu.
Sikari ya hau, Alhaji, a rage lomar tuwo.

Ƙarfe huɗu in rataye rigar a ƙusa.
Keken Njidda ya kwashe ni daga Jekadafari,
ya yi ta kakkaɓi kamar mai tsohon tari
har ya zube ni a Tumfure.
Bai taɓa samun canji ba, ni ma na daina tambaya.

Sai bayan isha'i nake komawa wani mutum.
Dija ta yi barci, ƙafar yaro a kan cikinta,
an ɗauke wuta, fanka ta yi tsaye.
Kwamfutata tsohuwa ce, numfashinta minti arba'in,
a cikinsu nake gini,
ba bulo, ba yashi, ba lebura,
layi bisa layi, ni da sauro da ragowar shayi.

Manhajar adashi ce, ta Goggo Dudu.
Mata ashirin da uku ke zubi a hannunta:
masu awara, masu ƙuli, mai kitso, mai man gyaɗa.
Bara damina ta bi ta rufin kwano
ta lashe rabin littafinta,
tawada ta zama shuni.
Ran nan na ce, Goggo, bar min wannan.
Ta ce, to, ɗan boko.

Wata bakwai ina yi.
Mutum goma sha huɗu suka sauke ta,
uku daga ciki wayoyina ne da na Dija.
Bappa Manu ya sauke, ya kira ni
yana neman inda ake jin labaran ƙwallo.

Ran Talata manhaja ta ce
Adda Yelwa ba ta yi zubi ba, ana bin ta dubu biyar.
Goggo ko kallon wayar ba ta yi ba,
tana tsince tsakuwa a faifai ta ce,
ta kawo, ranar sunan gidan Jungudo,
'yan ɗari biyar-biyar masu warin daddawa,
a nan ta tsaya, takalminta ɗaya ya tsinke.
Na ce, Goggo, na'ura ba ta mantuwa.
Ta ce, wa ya koya mata?

Dare uku ban yi barcin kirki ba.
A wurin aiki na kusa rubuta sunan Yelwa a takardar wani.
Masu sana'ar nan ƙwaro suke ce wa irin wannan,
ashe aikina ɗaya ne dare da rana:
farautar ƙanƙanin abu mai kayar da babba.

Daren Juma'a, batir saura kashi shida, na gan shi.
Waƙafi guda, zaune inda ba wurinsa ba,
ƙarami kamar ƙwayar gero,
shi ya ɗora wa baiwar Allah bashi.
Ni na sa shi da hannuna.
Na goge. Lissafi ya miƙe.
Na yi dariya ni kaɗai har kare ya amsa a waje.

Da safe na biya ta Pantami kafin aiki.
Na ce, Goggo, ke ce da gaskiya.
Ta ce, yau ka sani?
Ta miƙo wayarta, ta ce tunda ka zo,
duba min tocilan, ta daina haske.

Na makara minti ashirin.
Layi ya wuce gindin maina,
Madam Lamela ta dube ni ta saman tabarau.
Na ciro rigar daga ƙusa.