Babana Yakan Mutu Ran Alhamis

Duk daren Alhamis babana yakan mutu.
Ƙarfe takwas da rabi, bayan tallar sabulu,
mukan jeru gaban talabijin, ni da ƙanena Delbert da kwanon gugguru,
mamacin kuwa yana kan kujera, ƙafafu cikin ruwan ɗumi,
yana cewa, "Ku dubi rufin can ta hagu. Ga ni nan."

Labarin ɗaya ne, riga kawai ake sauya masa.
An gama yaƙin Kudu da Arewa, an naɗe tutoci,
wani dogo ya dawo gida ya tarar da toka,
an binne ƙanensa a gindin bishiya, ko alama babu.
Sai ya ɗaura sirdi, sunaye huɗu a bayan takardar sallama.
Babana ne na biyu, wani lokaci na uku.
Bai taɓa zama na ƙarshe ba,
na ƙarshe shi ake ba damar magana kafin harsashi.

Dala ashirin da biyu kowace faɗuwa. Daga kan doki, talatin.
Ya faɗo daga rufi, daga tsani, daga keken doki,
sau ɗaya cikin kwamin ruwa a watan Janairu,
aka ce a sake, wai rana ta shige gajimare.
Mama na shafa masa man zafi tana lissafi:
wannan ƙugu ya biya haya, kafaɗar nan takalman makaranta.

Shi ma fa da nasa sunan.
Daga Koriya ya zo da shi, a ninke cikin murfin agogo.
Laftana Haskett, wanda ya janye motoci da tsakar dare
ya bar mutum goma sha ɗaya kan tudu cikin ƙanƙara.
Uku suka sauko. Babana ya baro yatsun ƙafa biyu a can.

Ina shekara tara, wata Asabar, ya ce in shiga mota.
Awa uku bai kunna rediyo ba.
Akwai wani abu naɗe cikin tawul ƙarƙashin kujerata,
duk ya taka birki sai ya zamo ya taɓa mini dunduniya.

Bakersfield. Shagon taya a bakin titi.
Ga mutumin, gajere, mai sanƙo, tabarau ɗaure da zare,
yana cin burodi a tsaye, yarinya na rataye da wandonsa.
A talabijin nan ne kiɗa kan tashi,
mata su ja yara ɗaki, a rufe tagogi, gari ya yi tsit.
Nan injin iska ne kawai yake tari.

Babana ya fita. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.
Mutumin ya goge hannu, ya ce me za a gyara,
sannan ya matso yana ƙanƙance ido:
"Dakata, na san fuskar nan."
Na ga wuyan babana ya sandare.
"Ba kai aka harbo daga rufi shekaranjiya ba?"

Har matarsa ya kira ta zo ta gani.
Babana ya sa musu hannu a bayan rasit,
ya sayi taya ɗaya, wadda ba ta ma shiga motarmu.

A hanya ya tsaya bakin wata gada, ya sauka da ƙunshin,
ya dawo da tawul kaɗai, yana share wuya da shi.
Ya saya mini lemo. Ya ce kada Mama ta ji.

Alhamis ta zagayo, ya sake mutuwa.
Dogon ya soke suna na huɗu, ya hau doki, kiɗa ya tashi,
ya nufi duwatsu yana ƙanƙancewa har ya zama ɗigo.
Delbert yana tafi.
Babana ya ciro ƙafa daga ruwa, yana shanya sauran yatsun a hankali,
ya ce, "Bawan Allah. Ko me zai yi da Juma'a?"

Tayar tana nan. Ya rataye mana ita a bishiyar bayan gida,
igiya uku ta cinye, jikokinsa ne ke lilo a kai yanzu.